Takalmi da Tufafin 'Yan Barga a Bazara: Nazarin Wata Barga Mai Dawakai Shida a Kano

Bargar tana bayan gari ne a Kano, irin wadda attajiri ko mai sarauta kan ajiye domin hawan Sallah da kilisa. Dawakai shida ne, duk ingarmu. Huɗu 'yan gida ne, kowanne nauyinsa tsakanin kilo 300 da 400. Sauran biyun sun fi girma, daga hannun 'yan folo aka sayo su, kuma su kaɗai ake buga wa takalmin ƙarfe a kofato. Akwai ɗakuna uku masu daɓen siminti da rufin kwano ba silin, sai rumfa mai turaku a kan yashi, sai wurin wanka kusa da burtsatse. Masu aiki uku ne: babban ɗan barga, wanda dattijo ne, da samari biyu a ƙarƙashinsa. Ɗaya daga cikin samarin shi ke fita da dawakai kilisa da yamma.

Aikin ba ƙarami ba ne. Doki ɗaya yana yin kashi kilo 15 zuwa 20 a yini, wato barga irin wannan tana tara kusan kilo 100 kullum da za a kwashe da shebur a tura a baro. A lokacin zafi kowane doki yana shan ruwa lita 30 zuwa 50, ga ɗaukar harawa da ingirici, ga jiƙa dusa da kanwa, ga sharce dawakai da wanka. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Kano yana kai wa digiri 38 zuwa 40, wasu ranakun Afrilu har ya zarce, kuma ƙarƙashin kwano ya fi waje muni idan iska ba ta kaɗawa.

Da zafi ya kankama, samarin suka koma abin da kowa ke komawa: silifa, gajeren wando, da jesin ƙwallo. Sakamakon bai daɗe ba. Ɗaya daga cikin dawakan folo ya juya yana korar ƙuda ana cikin sharce shi, ya sauke kofato a kan babban yatsan yaro a bisa siminti, farce ya fita, yatsan ya kumbura har makonni bai iya tura baro ba. Ɗan'uwansa kuma ƙusar takalmin doki da ta faɗi cikin shara ce ta huda silifarsa. Dukansu biyu hannayensu sun yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayin harawa.

Maigida ya ɗauki mataki cikin gaggawa, ya aiko da kayan aiki irin na makanikai, riga da wando a haɗe, yadi mai kauri, shuɗi mai duhu, da rambut ga kowa. Kafin mako ya zagayo kayan suna rataye a ƙusa, silifa ta dawo. Da ya tambaya, amsar da dattijon ya ba shi ita ce wadda kusan kowane ɗan barga zai bayar: "Ranka ya daɗe, takalmin nan dafa ƙafa yake yi, rigar kuma ba a numfashi a cikinta."

Dattijon yana da gaskiya, kuma dalilan da suka sa kayan suka gaza su ne suka nuna hanyar da aka bi daga baya.

Abin da ya kayar da rambut da haɗaɗɗiyar riga

Roba ba ta barin gumi ya fita. Tafin ƙafa na daga cikin wuraren da suka fi yawan ƙofofin gumi a jikin mutum, don haka bayan awa biyu cikin rambut a irin wannan zafi ƙafa tana iyo ne. Fata ta yi fari ta yi laushi, tsakanin yatsu ya tsage, dunduniya ta sale saboda rambut yana da sako-sako a idon sawu. Ga shi rambut ɗin da ake samu da arha ba shi da wata kariya a bakinsa, wato wajen yatsu. Kofato ya sauka a kai, da shi da silifa bambancinsu kaɗan ne. An ɗora wa yara wahalar zafi ba tare da an ba su kariyar da aka sayi takalmin dominta ba.

Haɗaɗɗiyar rigar kuwa laifinta uku ne. Ba ta da buɗi a ƙugu, inda iska ke shiga ta haura ta fita ta wuya. Launinta mai duhu yana zuƙar rana, kuma ƙudaje masu cizo irin su bobuwa sun fi bin baƙi da shuɗi mai duhu. Na ukun shi ne wanda masu sayen kayan aiki ke yawan mantawa da shi: mutumin nan zai kama ruwa, zai yi alwala, zai sauya kaya ya yi Azahar da La'asar, domin ba a sallah da tufar da fitsarin doki ya fantsamar wa. Duk kayan da cire su da mayar da su ke cin lokaci, ranar farko kawai za a jure musu. Haka ma takalmi mai igiya har ƙwauri. Mutum ya kwance ya ɗaura sau huɗu, ya gaji, ya ja silifa "na ɗan lokaci", kuma a ɗan lokacin nan ne doki ke taka shi.

Saboda haka aka sauya tambayar. Maimakon neman kaya ɗaya da za su yi komai, sai aka duba yinin aiki gaba ɗaya: wane aiki ne jiƙaƙƙe, wanne ne busasshe, a ina mutum ke tsayawa dab da kofato, kuma wa ke sa ƙafa a likkafa.

Takalmi

A nan ne aka ƙi yin sassauci ko kaɗan. Dokar da aka kafa ita ce ba mai kusantar doki da yatsu a waje, ko da kuwa ruwa kawai zai zuba masa. Silifa ta zauna a bakin ƙofa, ta alwala ce da hutu.

Aikin busasshe shi ne mafi yawan yini: ba da abinci, sharcewa, ɗaura ragama, ja da doki, share rumfar yashi. Don wannan aka zaɓi takalmin fata mai rufe idon sawu, marar igiya, mai roba a gefe biyu da ɗan madauki a baya da ake jansa da yatsa, kuma mai kariyar yatsu a ciki. Ana zura shi a cire shi cikin daƙiƙu, ba shi da ramukan igiya da ƙaiƙayi da yashi za su bi, ba kuma abin da zai maƙale a turke ko dabaibayi. Kambas da takalman gudu an ajiye su gefe duk da sanyinsu: ragarsu tana zuƙar fitsari, ƙarangiyar da ke cikin ingirici tana manne musu, tsidau yana huda tafinsu, kofato kuma ba ya ganinsu da gashi.

Takalman kariya na kirki suna ɗauke da lamba a cikin harshensu ko a gefen ciki, EN ISO 20345. Ma'anarta bakin takalmin ya jure bugu mai ƙarfin jul 200 (jul ma'aunin ƙarfin bugu ne) da dannawar kusan tan ɗaya da rabi. Wannan ya isa amsa ga tsoron da ake yaɗawa cewa ƙarfen zai lanƙwashe ya datse yatsu idan doki ya taka. Nauyin da zai murƙushe bakin nan ya ninka nauyin dokin gaba ɗaya, kuma da babu shi yatsun ne za su karɓi nauyin kai tsaye. Bayan lambar akwai harafi. S1 ya dace da busasshen wuri kuma ya fi shan iska. S1P yana da ƙarin faranti a tafi mai hana ƙusa hudawa, wanda shi ne ya fi dacewa da barga mai dawakan da ake buga wa takalmi. S3 yana da farantin kuma fatarsa tana tare ruwa, amma ya fi zafi, don haka na damina ne. S4 da S5 su ne rambut masu kariyar yatsu. Idan an sami mai bakin da ba ƙarfe ba, irin na roba mai tauri, ya fi sauƙin nauyi kuma ba ya ɗaukar zafi idan mutum ya daɗe a rana.

Kariyar tana da iyaka. Yatsu kawai take rufewa. Gadon ƙafa, tsakanin yatsu da idon sawu, fata ce kaɗai a kansa, kuma ƙananan ƙasusuwan wurin su ne ke karyewa idan doki ya sauko da ƙarfi. Takalmi bai ɗauke wa mutum sanin inda zai tsaya ba: a gefen kafaɗar doki, ƙafafu a baya kaɗan, hannu ɗaya a jikinsa don a ji motsinsa kafin ya motsa. Idan ya taka, ba a fizge ƙafa. Ana tura kafaɗarsa ne ya mayar da nauyi ɗaya ɓangaren.

Sabon irin wannan takalmi yana da tsada, don haka gwanjo aka nufa, kuma kasuwannin Ƙofar Wambai da Sabon Gari ba su rasa su. Sai dai gwanjon takalmin kariya yana da tarko guda da ya kamata mai saye ya sani. Da yawa tafinsu na wata roba ce mai laushi marar nauyi, wadda idan ta yi shekaru a ajiye cikin zafi da laima take ruɓewa daga ciki. A ido sabo fil, amma kwana uku da fara sawa sai tafin ya fara marmashewa yana zuba. Gwajinsa a hannu yake: a lanƙwasa takalmin sosai a dubi ko ƙananan tsaga sun bayyana, a danna farce a gefen dunduniya, idan ya nutse ya bar rami ko ya yi danƙo a ajiye shi. Tafin baƙar roba mai nauyi, irin mai ƙanshin taya, ya fi aminci. A kuma zura hannu a shafa bakin daga ciki; idan ya lotsa, an taɓa buga shi, ya gama aikinsa.

Awo da yamma ake yi, lokacin da ƙafa ta kumbura da zirga-zirgar yini, kuma da safar da za a yi aiki da ita. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu, santimita 1 zuwa 1.5, tsakanin dogon yatsa da bakin takalmi. Fata tana buɗewa da sawa, bakin ƙarfe ba ya buɗewa har abada. Idan ya matse ƙaramin yatsa a kasuwa, haka zai matse shi har ya yage. Mai shi ne zai je ya gwada da ƙafarsa. Aiken "a sayo lamba 43 guda uku" na cikin abin da ya kashe rambut ɗin farko.

Kafin a fara sawa an kai su wurin shumeka ya bi tafin da ɗinki da zaren nailan. Zafin siminti da yashi yana sassauta gam, fitsari kuma yana ƙarasa shi. Fitsarin doki idan ya kwana ƙwayoyin cuta suna juya shi ya zama wannan abu mai yaji da ke hawa ido da safe idan an buɗe ɗaki, kuma shi ne ke cin zaren auduga ya busar da fata har ta tsattsage a inda take lanƙwasa. Maganinsa goge takalmi da jiƙaƙƙen tsumma kowace yamma, a cire shimfiɗar ciki, a cusa tsohuwar jarida, a bar shi a inuwa inda iska ke wucewa. Kada a ɗora shi a kan kwano ko a bar shi a rana, zai ƙandare. Man kaɗanya kaɗan a yatsa sau ɗaya a mako ko biyu ya wadatar. Idan ya yi yawa fatar ta saki kuma ta toshe, ƙafa ta ƙara gumi.

Rambut bai tafi ba, an dai mayar da shi inda yake da amfani: wanke daɓen ɗakuna da sassafe da wankan dawakai. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da safa, sannan a cire. An kafa sanduna a jikin bango ana kifa su baki ƙasa, ruwa ya tsiyaye, kunama kuma ba ta sami ɗaki ba, amma duk da haka ana kaɗe kowane takalmi kafin a zura ƙafa. Kowa da nasa, an yi masa alama da fenti, domin ruɓewar tsakanin yatsu tana bin takalmin haɗaka. Tunda wurin wanka nan ne doki ya fi rawar ƙafa a kan siminti mai santsi, wanda ke riƙe da doki a lokacin an nemo masa rambut mai kariyar yatsu; mai riƙe da tiyo daga nesa na talaka ya ishe shi. Wannan rabon yana da wata riba: awannin da ake cikin rambut hutu ne ga takalmin fata, ya ƙarasa bushewa daga gumin jiya.

Yaron da ke kilisa lamarinsa daban ne. Takalmin kariya yana da faɗi, tafinsa kuma yana da manyan haƙora. Likkafar gargajiya mai faɗi tana ɗaukarsa, amma ta sirdin folo ƙunci gare ta, kuma idan mahayi ya faɗi ƙafa ta maƙale doki zai ja shi a ƙasa. Ƙa'idar ita ce a sami sararin kusan santimita 1 a kowane gefe tsakanin takalmi da likkafa, tafi ya zama mai sulɓi ko ƙananan zane, dunduniya kuma ta kai santimita 2 zuwa 2.5 don ta hana ƙafa zurmawa gaba. Nasa takalmin aikin bai cika wannan ba, don haka aka sa dukawa suka ɗinka masa na hawa daban, yana sauyawa kafin ya ɗaura sirdi.

Safa

Ƙaramin abu ne, amma a kansa shirin zai tsaya ko ya rushe. Takalmin fata ba safa a bazara yana sale ƙafa cikin kwana biyu, ya yi wari cikin mako. Siririyar safar nailan irin ta zuwa ofis ba ta shan gumi. Ta auduga zalla tana sha amma ta riƙe, ta zauna a jiƙe. Wadda ta fi ita ce mai matsakaicin kauri, auduga da aka gauraya da zaren roba ko ulu, mai tsawon da ya wuce wuyan takalmi. An ba kowa ƙafa shida, ana sa biyu a yini: ɗaya da safe, a sauya bayan alwalar Azahar. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu da tsumma kafin a mayar da safa; mutum ya zura jiƙaƙƙiyar ƙafa sau uku a yini, kafin wata guda sai ya nemi magani. 'Yar hoda a cikin safa tana taimakawa. Mai faso kuma ya shafa basilin da dare, ba da safe ba.

Riga da wando

Tunda ƙafa a rufe take dole, sauran jiki ne zai sami sauƙin. Sauƙin kuwa daga saƙar yadi da yankan tela yake zuwa, ba daga tsiraita fata ba. Fatar da rana ke duka kai tsaye tana ɗaukar zafi fiye da wadda siririn yadi mai haske ya rufe, ga ƙaiƙayin harawa, ga cizon ƙuda, ga makero da ke tashi daga doki ya kama mutum idan damtse yana gogar jikinsa. Don haka dogon hannu aka zaɓa, mai maɓalli a wuyan hannu, wanda za a iya naɗewa idan za a jiƙa dusa.

A Kantin Kwari aka yanko yadin, kuma gwaji biyu suka raba gardama. A ɗaga yadi a hura iska ta cikinsa zuwa tafin hannu. Idan ba a ji ta ba, jiki ma ba zai ji ba. Sannan a zare zare ɗaya a sa masa ashana: auduga tana ci ta bar toka mai laushi da ƙaurin takarda, yadin roba yana narkewa ya dunƙule ya yi ƙwallo mai tauri. Ga riga, auduga marar nauyi, kamar giram 120 zuwa 150 a kowace murabba'in mita. Ga wando, kaki mai matsakaicin kauri, giram 200 zuwa 250. Jins na yau da kullum yana kai giram 400, idan ya jiƙe da gumi ba ya bushewa da wuri, kaurin ɗinkinsa kuma yana goge matsematsi. Launi ruwan ƙasa ko ruwan toka mai haske. Fari ya fi sanyi amma ba ya kwana ɗaya a barga. A yadi mai faɗin inci 60, yadi 2 yana fitar da riga, 1.5 wando. A wanke yadin kafin a kai wa tela, domin auduga tana shiga a wankin farko.

Abin da aka gaya wa tela ya fi zaɓen yadin muhimmanci. Riga ta yi sako-sako a ƙirji da hammata, amma ta tsaya a ƙugu, da 'yar tsaga a gefe, ba a cusa ta cikin wando. Kwala ta zama mai tsayuwa don ta kare ƙeya. Aljihu ɗaya mai maɓalli, saboda waya tana zamewa cikin komin ruwa idan mutum ya sunkuya. Wando a ba shi hantsa wadatacciya domin tsugunawa duba kofato, a ninka yadi a gwiwa, ƙafarsa ta sauko ta rufe wuyan takalmi don kada ƙaiƙayi da yashi su zuba ciki, amma kada ta ja ƙasa. Zariya ta fi bel a wannan zafi, sai dai a cusa bakinta ciki. Kowa saiti uku: ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya a ajiye. A ɗauraye sabulu sosai, domin ragowar garin wanki a cikin yadi idan ya haɗu da gumi shi kansa yana tayar da ƙuraje.

Jallabiya da dogon kaftani suna da sanyi, kuma dattijon ya fi son su, amma an taƙaita su ga sallah da zaman hutu. Iska ta kaɗa jallabiya a gefen idon ingarma, zai iya zabura. Tana kama turke, tana naɗe ƙafa idan mutum yana ja da baya da sauri, kuma ingarma mai cizo abin da ke reto yake fara kamawa. Jesin ƙwallo yana bushewa da wuri, shi ya sa samari ke son sa, amma yana riƙe wari, ƙarangiya tana kama shi, kuma irin na kasuwa mai arha saƙarsa a toshe take kamar leda.

Kai da hannu ba su ɗauki dogon nazari ba. Hana-sallah tana barin kunne da ƙeya a rana. Hular yadi mai baki zagaye na santimita 7 zuwa 8 ta fi. Malafa ta fi kowacce sanyi a fili wajen shanya harawa, amma a cikin ɗaki tana tare gani ta gefe, kuma doki yakan kai mata baki. Mai kilisa hular kwano ta hawa zai sa, zafi ko ba zafi. Safar hannu ta fata ko ta yadi mai roba a tafi ana sa ta wajen ja da ingarma da ɗaukar dami, domin igiyar nailan idan doki ya fizge tana ƙona tafin hannu mai gumi. Zoben azurfa a cire shi a sa a aljihu. Idan ya maƙale a zoben ragama yana iya saɓule fatar yatsa gaba ɗaya. Takunkumi kuma na lokacin kaɗe harawa da share busasshen kashi ne kawai.

Da iska ta juya

Bazarar Kano kashi biyu ce, kuma shirin da ya yi daidai a Maris ya fara tangal-tangal a Mayu. A farkon zafi iska busasshiya ce, gumi yana bushewa nan take, har auduga mai riƙe ruwa ta zama alheri; jiƙa riga ko ɗora jiƙaƙƙen tsumma a wuya, ba tare da ƙulla shi ba, yana sanyaya jiki na kusan rabin awa. Da iskar damina ta fara shigowa, laima ta ƙaru, sai gumi ya daina tashi. Rigar auduga ta manne a baya, ƙurajen zafi suka fito a ƙugu da hammata, takalmi ya kwana bai bushe ba, ƙudaje suka ninka. Jiƙa riga a wannan lokaci ƙara wa kai nauyi ne.

Gyaran da aka yi shi ne sauya riga da rana kamar yadda ake sauya safa, da ɗinka ƙarin riguna daga yadin da aka gauraya auduga da zaren roba kusan kashi ɗaya cikin uku, wanda ya fi saurin bushewa. Takalmi kuwa maganinsa na gaskiya ƙafa biyu ne ana karɓa-karɓa, kowanne ya sami yini guda yana shan iska. Kuɗi bai kai a yi wa kowa ba, sai aka tsaya ga shimfiɗar ciki biyu-biyu ana musanyawa, wanda rabin magani ne.

Tufafi ba sa maye gurbin ruwa. Mai aikin ƙarfi a irin wannan zafi yana iya zubar da gumi lita guda a awa, kuma abin da aka saba ba da shawara shi ne kofi ɗaya, kamar mililita 250, kowane minti 15 zuwa 20. A wasu shekarun azumi yakan faɗo a cikin bazara: a 2024 an fara shi 11 ga Maris, a 2025 kuma 1 ga Maris, daidai lokacin da ake ƙara wa dawakai kiwo da motsa jiki saboda hawa. A irin wannan hali jadawali ne ke ɗaukar nauyin. Kwasar kashi, ɗiban ruwa da wanki a gama su tsakanin Asuba da ƙarfe 9, tsakar rana a zauna a inuwa a cire takalmi da safa nesa da dawakai, sauran aiki bayan La'asar sakaliya. Bayan shan ruwa, lita ɗaya da aka zuba wa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali tana mayar da abin da gumi ya kwashe. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya da ɗaurewar tsoka alama ce ta a daina aiki a shiga inuwa. Idan mutum ya fara ruɗewa ko magana ba kan gado, a kwara masa ruwa a jiki a yi asibiti da shi nan take.

Yaron da ƙusa ta huda an kai shi an yi masa allurar sarƙe-haƙora, sauran ma aka bi da su. Ƙwayar cutar tana zaune a cikin ƙasa da kashin doki, rami mai zurfi marar faɗi irin na ƙusa shi ne wurin da ta fi so, kuma ana sabunta allurar duk shekara 10.

Rana guda ce shirin bai rufe ba, ranar hawa. A Hawan Daushe ko na Nassarawa ɗan barga yana cikin ado kamar kowa, yana tafe a ƙasa riƙe da linzami ko yana bin doki a kan kwalta mai zafi, cikin cunkoson dawakai da ƙarar bindiga, wato a ranar da haɗarin taku ya fi kowace rana yawa. Ba mai yarda ya sa rambut ko kaki a nan. Abin da aka iya yi shi ne a goge takalmin fatar a shafa masa mai, wandon ado ya sauko ya rufe shi, a sa siririyar singiletin auduga ƙarƙashin riga, a ɗaure ɗamara don kada riga ta yi reto.

Takalmin fata a irin wannan aiki ba ya wuce shekara guda zuwa ɗaya da rabi ko da ana kula da shi. Ana duba shi duk ƙarshen wata: idan bakin ya lotsa ko ƙarfe ya leƙo, idan zanen tafi ya shafe har yana santsi a wurin wanka, ko robar gefe ta saki har dunduniya tana fita, a sauya. Robar gefe shumeka yana iya canzawa, tafi ma haka. Bakin da ya lotsa ba ya gyaruwa.